Harsashin da bai tashi Kawu daga barci ba

Ni ba maharbi ba ne, kuma ban gaji harbi ba. Lissafi nake koyarwa a wata sakandare a Zariya, sai ɗan noman da nake taɓawa a wata gona da na saya wajen Dakace, kan hanyar Jos. Bara da ruwa ya zauna a watan Yuni na shuka gyaɗa, irin Samnut 24 ɗin nan da masu binciken noma na Samaru suka fitar, a kan kuɗin da har yau uwargida ba ta san adadinsa ba. Bayan kwana biyar na koma duba tsiro, sai na tarar da ramuka reras, daidai inda na binne iri. Kurege ya bi kunya-kunya ya tone abinsa, ko rami ɗaya bai tsallake ba. Da ɗalibaina na bin ƙa'ida kamar yadda ya bi layin nan, da tuni na huta.

Na sake shuka. Na kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigata ta Sallah, na ɗaura ledoji a kara, na ɗana tarko. Ranar da na dawo, a inuwar mutum-mutumin na same shi, ya tsaya a ƙafa biyu yana kallona kamar ni ne baƙon.

Shi ne na kai ƙara wurin Kawu, ƙanin mahaifiyata, a cikin birni. Tsohon ma'aikacin gandun daji ne, kuma yana da wata siririyar bindiga mai lamba .22 wadda yake kira "tu-tu", a naɗe cikin tsohon rawani a ƙasan akwatin ƙarfe. Lasisinta kuwa cikin leda uku yake. Kawu ba ya wasa da takardar nan, don dokar makamai ta 1959 ta ce irin wannan bindiga sai da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma shi ya fi tsoron 'yan sanda a kan kura.

"Zan je," in ji shi, "amma da sharaɗi. Sunana ne a takarda, ba naka ba. Kai aikinka nuni da yatsa."

Na ce na ji na yarda.

Zuwanmu na farko, Kawu ya zauna, ya daidaita, ya ɗana. Tau! Kurege ɗaya ya faɗi. Ban gama tafi ba sai na hangi matan da ke noma a gonar maƙwabta sun watsar da fartanya sun rankaya cikin dawa, wata har da goyo. Kafin minti goma babura huɗu sun iso, 'yan sintiri ne da gora da harba-ka-ruga, mai unguwa a bayan na ƙarshe, hularsa a hannu. Ban ga laifinsu ba. A wannan zamani duk wanda ya ji ƙarar bindiga a bakin daji ba kurege ne zai fara faɗo masa a rai ba. Kawu ya kwance leda uku ɗaya bayan ɗaya, aka duba, aka yi gaisuwa, na ba da na goro da na mai. Mai unguwa ya dubi gawar kuregen, ya dube ni, ya ce: "Malam, a kan wannan ɗan abin aka tayar mini da gari?" Da na lissafa a hanya, kuregen ya fi kaza uku tsada.

Da daddare Kawu ya sake buɗe akwatin ƙarfe ya zaro wani ƙaramin kwali, bai kai na sukari ba. Harsasai 50 yake ci, saura 31. A ido babu bambanci da na ɗazu. Ya juya ɗaya ya nuna mini gindinsa: shafe yake, babu ɗigon nan na tsakiya irin na harsashin bindiga mai baki biyu. Sinadarin da ke kunna albarushin a cikin gefen gindin yake, zagaye, shi ya sa ƙusar bindigar gefe take duka, ta bar ɗan tabo kamar an danna farce a kwanson.

"Wannan mai ladabi ne," in ji Kawu. "Ba ya ɗaga murya."

Ya yi mini bayani da bulala. Ka san in mai doki ya kaɗa bulala a iska takan ce fyau-tas? Bakinta ne ya wuce saurin sauti. Haka harsashin ɗazu, ƙara biyu yake yi a haɗe: ta albarushi a bakin bindiga, da wannan tas ɗin ta tsaga iska, wadda ke bin sa duk inda ya nufa. Shi kuwa mai ladabin an rage masa gudu da gangan don kada ya kai saurin sauti, sai ƙara ta biyun ta ɓace.

A nan ne cutar malanta ta motsa mini. Na kwana a kan waya. Kafin asuba na san cewa sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa in zafin gari ya kai digiri 20, kuma yana ɗan ƙara sauri in rana ta yi zafi. Na san harsashi mai gudu yana barin bindiga a wajen mita 380 a daƙiƙa, mai ladabin kuma wajen 320. Na san nauyin dalmar bai wuce giram 2.6 ba, na san tun 1887 aka fara yin irin wannan harsashi a Amurka. Washegari a ɗakin malamai na yi lacca ta rabin awa, har da zane a allo. Malamin Hausa ya tambaye ni ko na taɓa harba bindiga, na ce masa wannan ba ya cikin darasin.

Akwai wani sakin layi da na karanta a daren na wuce shi da sauri, don ba shi da daɗi: abin da ke tafiya a hankali ya fi daɗewa a hanya, abin da ya daɗe a hanya kuma ƙasa ta fi janyo shi.

Ranar Asabar muka koma, bayan mun biya mun sanar da mai unguwa. Uwargida ta zuba mana tuwon masara da miyar kuka a babbar kularta mai ruwan zinariya, wadda ƙanwarta ta kawo mata tsaraba daga Umara, wadda ko baƙi ba kowanne ake fito wa da ita ba. Sai da ta ce mini sau biyu, "Malam, kular nan fa." Na ce haba, sai ka ce yaro.

Akwai wani babban suri a ƙarshen gonar. Kawu ya zaɓe shi tun zuwan farko, saboda dokarsa ita ce ba a harbi sai akwai abin da zai tare harsashi a baya. Ya ce ƙanƙantarsa kada ta ruɗe ni, in ya sami fili yana wuce kilomita guda, kuma in ya daki dutse yakan yi tsalle ya sauya hanya. Ni kuma da na ga surin na da inuwa mai sanyi ta gefen da ke fuskantarmu, sai na je na ajiye kular a gindinsa don kada rana ta dake ta. Kawu yana can yana shimfiɗa buzu, bai gani ba.

Muka zauna ƙarƙashin ɗorawa. Awa ɗaya, babu kurege. Awa biyu, babu kurege. Kamar an aika musu da takarda. Bayan azahar Kawu ya jingina da itace, carbi a hannu, ya ce in na ga motsi in taɓa shi, sannan mu matsa kusa, don shi ba ya harbi da wannan harsashi in an wuce taku hamsin. Kafin ya kai ƙarshen carbin ya fara minshari.

Sai ga shi. Ya fito daga bayan surin, ya hau wani ɗan tudu a jikinsa, sama kaɗan da kular, ya tsaya a ƙafa biyu, jelar nan a baje. Na rantse shi ne na inuwar mutum-mutumi.

Na miƙa hannu zan taɓa Kawu, sai Shaiɗan ya kawo shawara, kuma da lissafi ya zo mini, don ya san inda nake da rauni. Ya ce: harsashin nan ba ya ƙara. Kawu kuma kunnensa na hagu ya daɗe da yin ritaya. In ka harba, ba zai farka ba. Sai dai ya tashi ya ga kurege a gabansa, kai kuma ranar Litinin ka sami amsar da za ka ba malamin Hausa.

Na janyo bindigar a hankali. Na ga yadda Kawu ke yi, ba wuya. Na ja ciki na ɗan matsa gefe cikin ciyawa, na kwanta rub da ciki kamar sojan Depot. Daga nan zuwa surin zai kai taku ɗari da wani abu. Na sa kan kuregen daidai tsakiyar saiti, na riƙe numfashi, na yi bisimilla, na ja kunama.

Gaskiyar masu harsashin nan, bai yi tas ba. Amma duk wanda ya ce maka shiru yake yi, bai taɓa ji ba: ya yi wani fat, kamar an buga littafi a kan tebur. Sannan daga can nesa na ji amsa: ƙwas.

Kurege bai faɗi ba. Ya yi tsalle gefe, ya tsaya, ya leƙa ƙasa. Ni ma na bi inda yake kallo. Wani koren abu ne ke tsartuwa daga cikin kular uwargida, siriri, a hankali, yana gangarawa gindin suri. Taƙi guda cif harsashin ya sauka ƙasa da inda na auna, kamar yadda sakin layin nan ya faɗa.

Na waiga. Kawu na nan yana minshari. Shaiɗan bai yi ƙarya ba ta wannan fannin. Na fara tsara yadda zan mayar da bindiga, in ɓoye kwanso, in ce kular faɗuwa ta yi daga babur, sai na ji wani abu kamar an soka mini allura mai zafi a cinya. Sai na biyu a ciki. Sai kamar guda ɗari a lokaci ɗaya. Ashe tun ɗazu a kan gidan cinnaku nake kwance, sun yi haƙuri ne har suka gama shiga wando suka rarraba aiki.

Ihun da na yi ban san ina da shi ba. Matan gonar maƙwabta, waɗanda harbin bai ko sa sun ɗago kai ba, suka sake watsar da fartanya. Kawu ya zabura yana salati yana laluben bindiga inda ya ajiye ta. Lokacin da babura suka iso, uku ne wannan karon, sun same ni a tsakiyar gona daga ni sai gajeren wando, ina tsalle ina dukan jikina da hula, Kawu kuma na tsaye riƙe da bindigarsa a hannu ɗaya, kwanson da babu komai a ɗaya hannun, yana duba ɗan tabon farcen nan a gefensa.

Mai unguwa ya ce, "Alhaji, yau ba mu ji harbi ba."

Kawu ya ce, "Ni ma ban ji ba."

Bai ƙara ko kalma ba har muka shigo gari. A ƙofar gidansa ya sauka daga babur, ya gyara naɗin rawanin, ya ce: "Ɗan nan, da mutum ne a gindin surin nan, da ni da kai yau a ina za mu kwana?" Ban sami amsa ba. Ya ce harsashinsa saura 30, kuma ko ɗaya ba zai sake ganin gonata ba. Har yau bai gaya wa mahaifiyata ba, amma duk ranar da na yi jinkirin kai masa gaisuwa sai ya aiko a tambaye ni ya kurege.

A gida uwargida ta karɓi kular ba ta ce komai ba. Ta juya ta, ta sa ɗan yatsa a hudar gaba. Ta buɗe, ta ɗauko cokali ta tona tuwon, sai ga dalmar ta baje kamar hular naman kaza a jikin malmala ta biyu. Ta ɗora mini ita a tafin hannu.

"Malam, wannan ne naman miyar?"

Na sayi sabuwar kula a kasuwar Sabon Gari, ta ce launin bai yi daidai ba, na sake sayen wata. Gyaɗa kuwa sai a shuka ta uku ta tsira, bayan na ɗauki wani yaro ɗan shekara goma sha biyu daga ƙauyen yana yi mini gadi da danƙo. A makon farko ya kawo mini kurege biyu, ya tambaya ko ina so ya koya mini.