Ba jin daɗi ke sa su hawa jirgi ba

Jiya a majalisarmu ta Ƙofar Soro nan Katsina wani dattijo ke cewa wai ma'aikatan agaji almubazzarai ne, kuɗin 'yan gudun hijira suke ƙonawa a helikwafta. Haba Alhaji! Jiragen nan na UNHAS, wato sashen jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, hukumar abinci ta duniya WFP ke tafiyar da su, tun 2015 suke aiki a Najeriya. Duba Rann can Borno, da damina ta kankama ruwa ke shanye hanya, da rani kuma ga nakiya ga kwanton ɓauna, to ta ina nas za ta bi da allurar rigakafi a cikin kula kafin ƙanƙarar ta narke? Buhunan dawa kam manyan motoci ke kai su, jirgi ya yi tsada da wannan, mutane da magani yake ɗauka daga Maiduguri.