Lambar da ke jikin fitila ba ado ba ce

Jiya na kwance ƙwan fitilar teburin wani abokina, sai ga holdar ta yi baƙi ƙirin, robar tana marmashewa a yatsana. A jikinta an rubuta 40W ɓaro-ɓaro, wato wat 40. Shi kuwa ƙwai mai 100 ya ɗaura, irin na da mai zare a ciki, wai hasken ba ya isarsa karatu. Ya fi wata biyu yana jin ƙauri, yana ta zargin cajar wayarsa.

Jama'a, wannan lambar ba ta haske ba ce, ta zafi ce. Ƙwai mai zare, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take komawa. Wanda ya ƙera fitilar ya riga ya auna iya abin da holda da waya da murfi za su jure. In ka haura, ba ranar za ta kama da wuta ba, shi ya sa mutane suke raina abin. A hankali rigar wayar take gasuwa, ta bushe, ta tsage.

Abin da ya fi ba ni takaici, babu ma dalilin yin wannan kasadar yanzu. Ƙwan LED da aka rubuta wa “daidai da 100W” a kwali, ainihin abin da yake sha bai wuce wat 14 ko 15 ba, kuma wannan ƙaramar lambar ce za ka gwada da ta fitilarka. Haske kake so? Duba lumen, wato ma'aunin haske da ake rubutawa a kwali. Lumen 800 shi ne hasken tsohon ƙwai mai 60, wajen 1,500 kuma na mai 100.

Sai dai kada a ce LED ba ya zafi. Taɓa gindinsa bayan awa ɗaya ka ji. Can kayan aikinsa suke, kuma in ka kulle shi a fitilar da iska ba ta shiga, da wuri zai mutu, sai in kwalin ya ce an yi shi don rufaffiyar fitila. Ƙwan halojin kam, wani irin mai zare ne mai tsananin zafi, ban yarda a kusanta shi da murfin yadi ko takarda ba.

Abokin nawa dai sabuwar holda muka sa masa da LED mai wat 9. Har cewa ya yi hasken ya yi yawa.