Ga Wadda Ta Ce Tausayi Ne Ya Ɗora wa 'Yata Kambi

Mako uku ke nan maganganu suna dawo mini ta bakin mutanen da ba su da wata riba a yin ƙarya, kuma na daure na yi shiru saboda albarkacin zumuncin da ke tsakaninmu, mu 'yan tsirarun Hausawa da zama ya haɗa a wannan yanki na Jihar Texas ta Amurka. Shirun nawa ya sa wata baiwar Allah ta ɗauka cewa ban ji ba, ko kuma na ji ba ni da amsa, don haka yau zan yi magana. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin wadda ta yi ta san kanta, kuma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Abin da ake yaɗawa shi ne, wai 'yata ta zama sarauniyar rodiyo (wato wasan gwanintar makiyayan Amurka da dawaki da shanu) ta gundumarmu ne saboda alƙalai sun ga baƙar yarinya da ɗankwali a ƙarƙashin malafar kaboyi, suka ji tausayinta, suka kuma so a yabe su da rashin nuna bambanci. An ƙara da cewa kayan da ta sa na aro ne. Da aka ga waɗannan biyun ba su karɓu ba, sai aka koma cewa dama can gasar ba ta dace da ɗiyar Musulmi ba, alhali mai faɗin haka da hannunta ta cike wa tata 'yar takardar shiga, da hannunta kuma ta biya kuɗin rajista.

Duk wanda ya ji kalmar sarauniya zai iya zaton gasar kyau ce kawai, kuma ina ganin a nan ne wasu suka yi kuskure tun farko, suka zuba dukiyarsu a kan tufafi suka manta da doki. Ana auna yarinya ne ta fuska uku: iya hawa da sarrafa doki, da shiga da tsabtar kama, da kuma hali da iya magana, wanda ya haɗa da jawabi a gaban jama'a, da amsa tambayar ba-zata, da ganawa da alƙalai. Bayan waɗannan akwai rubutacciyar jarrabawa a kan lafiyar doki da dokokin wasan. Babbar gasar ƙasa, wadda aka faro a 1955, ana yin ta a birnin Las Vegas a ƙarshen kowace shekara tare da wasan ƙarshe na ƙwararrun 'yan rodiyo, kuma a can ba a barin yarinya ta zo da dokinta, ƙuri'a ake jefawa ta hau wanda ya faɗo mata. Ƙaramar gasarmu ta gunduma ta ɗauko wannan ƙa'ida a zagaye na biyu, inda aka yi musayar dawakin 'yan takara ta hanyar ƙuri'a, kuma an rubuta hakan ɓaro-ɓaro a takardar da kowace uwa ta sa wa hannu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai dokin da aka sayo wata uku kafin gasar, wanda babu taron suna ko walima da aka yi a tsakaninmu ba a sanar da mu farashinsa ba, kuma gaskiya ne an horar da shi har ya haddace zagayen da kansa, ko buhun hatsi aka ɗora masa zai kai shi ya dawo da shi. A zagaye na farko ya yi aikinsa, aka tafa. Da aka zo zagaye na biyu, dokin ya tafi hannun wata, mai shi kuma ta samu kanta a kan dabbar da ba ta san ta ba, sai abin da aka saya da kuɗi da abin da aka koya da gumi suka rabu a gaban kowa. Ita 'yata ƙuri'a ta ba ta wani doki mai taurin baki da ya riga ya wahalar da mai shi tun da safe. Na ga ta tsaya ta bar shi ya shinshina hannunta, ta duba majayi ta ƙara ɗaure shi, ta rage tsawon likkafa daidai ƙafarta, sannan ta hau. Ta kewaya da shi ƙaramar da'ira a hankali da babba da sauri, ta sauya masa ƙafar da yake jagora da ita a tsakiyar fili ba tare da ya yi tuntuɓe ba, ta tsayar da shi cak, ta ja shi da baya, kuma a duk tsawon wannan ban ga bakinsa ya buɗe don zafin linzami ba ko sau ɗaya. Alƙalan nan mutane ne da suka tsufa a kan sirdi, kuma abin da suke kallo ke nan: hannu mai sauƙi, da zama mai nauyi, da dokin da bai firgita ba. Ban san ta inda tausayi zai shiga tsakanin ƙafar doki da ƙasa ba.

A jarrabawar ma babu fuskar kowa a kan takarda. An tambayi zafin jikin lafiyayyen doki, wanda yake wajen digiri 38 a ma'aunin Salsiyos, da bugun zuciyarsa idan yana hutawa, wanda ke tsakanin 28 da 44 a minti ɗaya, da tsawon cikin goɗiya, wato kusan wata 11. An tambayi daƙiƙa 8 da mai hawan bijimi zai yi kafin a ba shi maki, da daƙiƙa 5 da ake ƙara wa mai tseren kewaya ganguna uku idan ta kayar da ɗaya. 'Yata ba a littafi kaɗai ta san waɗannan ba. Tana da shekara 13 goɗiyar da take kula da ita ta kamu da ciwon ciki cikin dare, ta riƙa birgima tana harbin cikinta, yarinyar nan ta riƙe ragama tana zagayawa da ita a cikin sanyi, tana ƙirga bugun zuciyarta a ƙarƙashin muƙamuƙi, har likitan dabbobi ya iso. Shekara shida tana tashi bayan sallar asuba ta je bargar wasu tsofaffin makiyaya ta kwashe kashi, ta ba da ciyawa da ruwa, ta goge kofato, ladanta kuwa a bar ta ta hau na awa ɗaya, domin ba mu da halin sayen doki a lokacin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da dawaki biyu a turke da yake fita da su hawan sallah, kuma ni daga soro nake leƙen su, domin a gidanmu mace ba ta hawa. Abin da na riƙe daga gare shi shi ne bai taɓa cin abincin dare ba sai ya ga an zuba musu harawa. Wannan ne ya sa abin da idona ya gani bayan an sanar da sakamako ya fi duk maganganun nan ƙona mini rai. A bayan motocin ɗaukar dawaki, inda ake zaton babu mai kallo, na ga babbar mace ta ɗauki bulala tana zabga wa dokin nan mai tsada a fuska, tana huce haushinta a kan dabbar da ta yi duk abin da aka koya mata ba tare da kuskure ba. Ban kai ƙara wurin masu shirya gasar ba, kuma ban faɗa wa kowa ba sai yau. Amma wadda ta iya dukan doki a ido ba ita ce za ta koya wa mutane abin da ya dace da tarbiyyar ɗiyar Musulmi ba.

Maganar aro kuwa gaskiya ce, kuma ba na jin kunyarta. Doguwar rigar fata da 'yata ta sa ranar jawabi ta wata tsohuwar sarauniya ce, wadda ta ara mana da zuciya ɗaya, kamar yadda aka saba a tsakanin masu wannan harka, inda kaya ke wucewa daga hannu zuwa hannu saboda tsadarsu. Sauran rigunan ni na ɗinka su a kan kekena, masu dogon hannu da rufaffen wuya, kuma dama shigar gasar haka take, don haka ba mu roƙi alfarmar kowa ba. Ɗankwalinta na ɗaure shi, na kafe malafar a kansa da fil-fil har ta yi ƙorafin zafi, saboda faɗuwar malafa a fili abin kunya ne da ke rage maki. Batun launin fata ma ba shi da tushe, domin baƙar fata ba baƙi ba ne a wannan fage. Bill Pickett, wanda ya ƙirƙiro wasan kayar da bijimi da hannu, baƙar fata ne haifaffen Texas ɗin nan, kuma tun 1984 ake gudanar da gasar rodiyo mai ɗauke da sunansa.

Kambin da ake ta wannan baƙin ciki a kansa aiki ne na shekara guda cur. 'Yata za ta riƙa shiga fili a sukwane da tuta a hannu ɗaya, linzami a ɗayan, za ta kora 'yan maruƙa waje bayan kowane mai jifa da igiya ya gama, za ta ziyarci makarantu ta amsa tambayoyin yara, kuma za ta tsaya a rana da ƙura tana gaisawa da jama'a ko da ta gaji. Duk wannan a kan dawakin da sau da yawa ba nata ba ne, kamar dai yadda aka gwada su a zagaye na biyu.

Ita ɗiyar mai wannan magana, wadda ba ta yi nasara ba, ba ta da laifi a wurina ko kaɗan. Ita ce ta fara zuwa ta rungume 'yata da hawaye a idonta, ta ce mini, "Umma, Allah ya sanya alheri," kuma na lura tana da kyakkyawan zama a sirdi, abin da ta rasa kawai shi ne wanda zai bar ta ta ɓata hannunta da aikin barga. Takardun maki suna hannun kowace 'yar takara, namu yana nan ga duk mai son gani. Muna ƙilisa kowace Asabar da ƙarfe shida na safe, kuma idan uwarta ta yarda ta kawo ta, tare da dokin nan da aka daka, 'yata ta ce za ta fara nuna mata yadda ake sassauta hannu a kan linzami.