Kada Ka Sabunta wa Baba Lasi a Bayan Idonsa

'Yan'uwana matasa, akwai wani taimako da muke yi wa iyayenmu, muna ganin biyayya ce, alhali cuta ce. Lasin tuƙin Baba ya ƙare, sai ka ce, "Baba, yi zamanka, ina da mutum." Ka miƙa wa ɗan kamasho tsohon kati da kuɗi, bayan 'yan kwanaki ga sabo fil. Baba ya sa maka albarka, kai ma kana jin ka yi abin kai. To wa ya duba idon Baba?

Lasin tuƙi a Najeriya na shekara 3 ne ko 5. Ga ɗan shekara 30, biyar ba komai ba ce. Ga ɗan 70 kuwa, ido na iya sauyawa gaba ɗaya a cikinta. Yanar ido tana sa hasken fitilar motar da ke tahowa ya tarwatse masa da dare, ya rasa gefen titi. Hawan jinin ido ya fi ta mugunta, domin daga gefe yake fara cin gani, a hankali, galibi babu ciwo. Baba yana ganin gabansa garau, amma mai Adaidaita da ya ɓullo ta damarsa sai ya ji ƙara. Ga ciwon suga da ke lalata jijiyoyin bayan ido. Ƙara da hazon hunturu a hanyar Kano zuwa Zariya bayan Magariba, ka gaya mini.

Hanyar da Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC, ta shimfiɗa ba ta da wuyar da muke zato: a cike fom a intanet, a biya kuɗi, a bi ta ofishin haraji na jiha da na VIO, wato jami'an duba motoci, sannan mai lasin ya je cibiya a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a ba shi na wucin gadi na kwana 60 kafin na dindindin ya fito. Katin ɗan kamasho kuwa, sai an tsayar da dattijo a hanya a gane jabu ne, ya sha kunya da furfurarsa. A Ingila, da mutum ya cika 70 sai ya riƙa sabunta lasi duk shekara 3. A Japan, ɗan 75 sai an gwada ƙwaƙwalwarsa. Ba raini ba ne a wurinsu.

Amma fa kada wani ya karanta wannan ya je ya ƙwace makullin mahaifinsa. Mutumin da ya yi shekara 40 riƙe da sitiyari, shi ya kai ka makaranta, ba motar kaɗai yake karewa ba, girmansa ne. Kada ka yi maganar a gaban jikoki. Ka durƙusa ka ce, "Baba, mu biya asibitin ido kafin mu wuce ofishin lasi, ni ma nawa zan duba." Sau da yawa tabarau ne kawai maganin, ko aikin cire yana, ya dawo da ganinsa. In ya ƙi, nemi amininsa na majalisa. Abin da ɗa ya faɗa a ji haushi, aboki na faɗa a yi dariya.

In kuma likita ya ce tuƙin dare ya isa haka, to aiki ya dawo kanka. Ɗaurin aure a Bichi, gaisuwar mutuwa a Funtuwa, kai ne direba, kuma ka zo da wuri, kada ya jira ka a ƙofar gida da makulli a hannu.