Ƙannena ɗalibai, ku daina yi wa littafi fenti

Assalamu alaikum ƙannena, maza da mata, musamman masu shirin WAEC da NECO da JAMB, da waɗanda ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Shehu Shagari.

Kwanan baya na leƙa gidan yayata a Mabera na tarar da ɗanta zaune a zaure, littafin Biology buɗe a cinya, maka, wato biron shafa launi, a hannu. Shafin nan tun daga sama har ƙasa rawaya ne fal, sai ka ce ɗorawa aka zuba masa. Na ce mene ne wannan? Ya ce, "Kawu, wuraren da ke da muhimmanci nike shafawa." Na karɓi littafin na rufe, na ce to faɗa mini abu biyar daga cikin masu muhimmancin. Ya kawo biyu, na ukun ya tsaya yana sosa ƙeya. Yaron ba daƙiƙi ba ne, kuma ba rago ba ne. Awa biyu ya yi a wurin cikin zafin nan namu. Hanyar ce ba ta ɓullewa, kuma na san yawancinku ita kuke bi: ko shafa launi, ko kwafe kalma sau ashirin har yatsa ya yi kanta.

Abin da ya fi ba ni takaici, mu 'yan Sakkwato ba mu da uzurin jahiltar aikin launi a karatu. Duk wanda ya zauna gaban malam da allo ya san ana fara babbaƙu kafin farfaru. Harafin kansa baƙi muke ce masa, domin da baƙar tawada ake rubuta shi. Ku je gidan tarihi na Waziri Junaidu, ko ku roƙi wani dattijo a unguwarku ya buɗe muku Alƙur'ani rubutun hannu. Za ku ga baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da ɗigon rawaya, alamar wasla ta alif da kore. Har akwai alif ja, wanda sunansa ma launinsa ne. Marubucin bai yi haka don ado ba, adon yana can a zayyana. Kowane launi aiki ɗaya aka ba shi, kuma ba ya canzawa daga Fatiha har Nasi. Haka Mus'hafin tajwidi mai launi da ake bugawa yanzu: ja na madda, kore na gunna, toka-toka na harafin da ba a furtawa. Ido na ganin kore, hanci ya shirya. To ku gaya mini, rawayar da kuke malala wa shafi guda, me take nufi?

Tun 1933 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Jamus, Hedwig von Restorff, ta nuna cewa idan aka jera abubuwa masu kama da juna aka saka ɗaya da ya fita daban, shi ake fi tunawa. Farar tunkiya cikin baƙaƙen awaki ke nan. In kuwa duk garken fari ne, babu wadda za ta tsaya maka a rai. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa a Amurka suka auna dabarun karatu goma da ɗalibai ke amfani da su. Shafa launi da maimaita karanta shafi suka faɗo cikin masu ƙarancin amfani. Waɗanda suka zo sama su ne mutum ya yi wa kansa tambaya littafi a rufe, da rarraba karatu kwana-kwana. Wato harda da tilawa, abin da almajirin tsangaya ke yi tun asuba.

Launi kuma in an yi masa riƙon sakainar kashi har cutarwa yake. Ku gwada da kanku: ku rubuta kalmar "ja" da koren biro, "kore" da shuɗi, "shuɗi" da ja, sannan ku ce wa aboki ya faɗi launin tawadar da sauri, kada ya karanta kalmar. Za ku ji harshensa na sarƙewa. Wani Ba'amurke, John Ridley Stroop, ya wallafa wannan gwaji a 1935. Idan yau ja na nufin ma'ana a littafinka, gobe yana nufin misali, jibi kuma shi ne kawai biron da ya rage da tawada, rikicin nan kake haɗa wa kanka.

Yanzu ga abin da na fi so ku ɗauka, wato zane. A Jami'ar Waterloo da ke Kanada, Jeffrey Wammes da Melissa Meade da Myra Fernandes sun wallafa wani bincike a 2016. Sun ba ɗalibai jerin kalmomi, kowace kalma daƙiƙa 40. Wasu kalmomin aka ce su yi ta rubuta su, wasu kuma su zana abin da kalmar ke nufi. Da aka zo tambaya, kalmomin da aka zana sun fi zama nesa ba kusa ba, a wasu gwaje-gwajen har sun ninka waɗanda aka rubuta. Suka rage lokacin zuwa daƙiƙa 4, zane bai fasa rinjaye ba. Kuma kyan zanen bai shigo lissafi ba. Wanda ya zana doki ya fito kamar jaki ya amfana daidai da gwani. Don haka kada wani ya ce mini shi bai iya zane ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai kwafe kalma yana iya cika shafi hankalinsa na kan ƙwallon daren jiya, hannu ne kawai ke tafiya. Mai zane ba shi da wannan damar. Dole ya fara sanin ma'anar kalmar, ya hango siffarta a zuci, ya motsa hannu ya fitar da ita, sannan idonsa ya ga abin da ya fito. Igiya huɗu ke nan aka ɗaure akuya ɗaya da su, in ɗaya ta tsinke a ɗakin jarrabawa saura na riƙe. Allan Paivio, shi ma a Kanada, tun 1971 yake bayanin cewa ƙwaƙwalwa na ajiye magana ta hanya ɗaya, siffa ta wata hanyar, kuma abin da ya samu shiga ta duka biyun ya fi wuyar ɓata. Malamanmu na allo ma da siffa suke kama yaro: nun ara, lam jaye, ta kuri. Ba su bar harafi tsirara ba, sai da suka ba shi kamanni.

Ɗauki kalmar Turanci drought. Maimakon ka rubuta ta sau ashirin, zana fadama ta tsattsage, rana a sama, karan gero ya sunkuya. Mai koyon Larabci ya haɗu da miftah, ya zana mabuɗin ƙofar ɗakinsu, nasu na gida mai lanƙwasasshen kai, domin abin da ka sani ya fi kama zuciya. Masu Faransanci, ku da kuke da Ƙonni nan kusa bayan Illela, ga inda launi zai yi muku rana: namiji shuɗi, mace ja, har abada. A Hausa rana mace ce, wata namiji. A Faransanci an juya, soleil namiji, lune mace. Zana shuɗiyar rana da jan wata sau ɗaya, baƙuncin abin kaɗai ya isa ya hana ka mantawa.

Na san wasunku za su ce, Yaya, zanen abu mai rai fa? Tambaya ce mai kyau, kuma malamai za ku kai wa ita, ni ba mai fatawa ba ne. Amma mafi yawan abin da kuke buƙata ba ya ma kaiwa can: kibiya, da'ira, tukunya, tsani, bishiya, taswira, sawun ƙafa a madadin mai ƙafar.

Gargaɗi biyu. 'Yan mata musamman, na ga littattafan wasunku, kamar lallen amarya. In zanen kalma ɗaya ya ci minti goma, an bar karatu an koma ado. Rabin minti ya isa. Na biyu, hoton da ka sauko da shi daga intanet ko ka ɗauka da waya daga littafin abokinka ba zai yi maka aikin naka ba, domin wahalar ƙirƙirowar ita ce maganin. Kuma zane ba ya ɗauke maka bita. Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, daga baya take lafawa. Saboda haka abin da ka zana da hantsi, ka rufe kalmar da tafin hannu bayan Isha'i, ka dubi zanen ka faɗe ta. Ka sake gobe, ka sake bayan kwana uku.

Ɗan yayata dai na karɓe makar na ba shi biro biyu, ja da shuɗi, da fensir guda. Na ce ja na sunan abu ne, shuɗi na aikinsa, kada ya kuskura ya sauya. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan koma Mabera bayan an sauko masallaci, ya zana mini zuciya da ɗakunanta huɗu, littafi a rufe.