Ƙafa ɗaya kaifi, ɗaya dakushe

Ni ɗan Damagaram ne, kuma kafin karatu ya kawo ni birnin Grenoble na Faransa, ƙanƙarar da na sani ita ce wadda ake jefawa cikin zoɓo. Shekara biyu ina hayar siki, dogayen allunan nan da ake ɗaura wa ƙafa a yi zamiya kan dusar ƙanƙara, har kuɗin haya ya fara cin na cefane. Na ce bana sai na mallaki nawa.

To amma zuciyata ta rabu biyu. A Chamrousse, dutsen da Jean-Claude Killy ya kwashe zinare uku a gasar Olamfik ta 1968, akwai dogon gangare da ake saukowa a natse, akwai kuma filin 'yan tsalle, inda aka jera tuddai da akwatuna da bututun ƙarfe, samari na juyi a sama kamar ana juya waina a tanda. Duka biyun nake so, aljihuna kuwa na ɗaya ne. Na san an ce taura biyu ba ta taunuwa, amma na ɗauka masu ƙaramin baki ake nufi.

Dattijon da ke shagon sayar da siki ya saurare ni tsaf, sannan ya ɗauko mai baki biyu, wanda gaba da baya duk suka lanƙwashe sama don a iya tafiya da baya. Ya ce 'yan tsalle sun fi son mai siririn ƙugu, wato faɗin tsakiyarsa wajen milimita 85 zuwa 90, mai yawon dutse kuma yana son kusan 100 don kada ya nutse a sabuwar dusa. Muka tsaya a 95. Wurin ɗaura takalmi ma haka: 'yan tsalle a tsakiya cif suke sa shi, sauran jama'a su ja shi baya kaɗan. Muka raba rigima, santimita uku. Har na fara jin kaina kamar alƙalin rabon gado.

Sai aka zo kan kaifi. Gefen siki ƙarfe ne, shi ke cizon ƙanƙara idan ta daskare. 'Yan tsalle kuwa dakushe shi suke yi da gangan, don mai kaifi yana kama bututu ya kifar da mutum. Dattijo ya ce, "Ɗana, nan babu tsakiya. Zaɓi ɗaya." Na ce zan yi shawara.

Da daddare na zauna a ɗaki ina kallonsu jingine da bango, sai wata dabara ta faɗo mini wadda na yi mamakin yadda Turawa ba su gano ta ba. Ƙafa biyu, siki biyu, aiki biyu! Na ari magagari wurin maƙwabcina, na goge na hagu har ya yi sumul kamar bakin tsohuwar tasa, na bar na dama yana aske gashin hannu.

Abin da na manta, idan za ka juya hagu, ƙafar dama ke ɗaukar nauyinka, idan za ka juya dama kuma ta hagu ce. Washegari da sassafe na hau gangare mai jar alama, wato mai wuya, ƙasa ta daskare kamar gilashi. Na juya hagu, wallahi ko Killy sai haka. Na juya dama, sai ƙafar hagu ta yi sallama ta kama hanyarta ita kaɗai. Na buɗe kamar almakashi, wandona ya yi wata ƙara. Daga nan na yanke shawarar hagu kawai zan riƙa juyawa, kuma hagu kawai na yi ta juyawa har ragar gefen hanya ta rungume ni.

Na ce ba komai, ai rabin kayana na filin tsalle ne. Na nufi akwati mafi ƙanƙanta, wanda yara ke koyo a kai, na hau a karkace. Ta hagu ta zame lafiya lau, ta dama ta ciji bakin akwatin ta ƙi saki. Sama da ƙasa suka yi musanya, siki ɗaya ya ɓalle ya yi gaba. Wani yaro da bai wuce shekara goma ba ya ɗauko mini shi, ya leƙo fuskata ya ce, "Mushe, lafiya?" Yadda nake a sheme, ban tantance ba, na Faransanci yake nufi ko na Hausa.

Ranar Litinin na koma shago ina ɗingishi. Dattijo ya shafa gefen na dama da farce, ya shafa na hagu, ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya leƙa ɗakin baya ya kira abokin aikinsa, shi ma ya shafa, shi ma ya yi shiru. Na ce a wasa mini duka biyun, nawa ne. Ya faɗi kuɗin, sannan ya ce zai rage mini rabi in na yarda ya ɗauki hotonsu tukuna.