Sana'ar da makullinta ke hannun wasu

Maganar da wani bawan Allah ya yi a taron matasa na ranar Asabar, wai Najeriya ta rabu da gona da masaƙa ta rungumi fasahar zamani kaɗai, har yanzu tana ci mini rai. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne tafin da aka yi masa, a Kano, garin da masaƙun Bompai da Sharaɗa suka zama kufai, Kantin Kwari kuma ya cika da atamfar China.

Ƙasar da ta ɗora arzikinta a kan sana'ar da makullinta ke hannun wasu, da zanen aro take ado. Finland ta fi mu ilimi da wutar lantarki nesa ba kusa ba, amma da iPhone da Android suka fito, kamfaninta na Nokia ya durƙushe har ya sayar wa Microsoft sashen wayoyinsa a 2014, dubban ma'aikata suka rasa abin yi, tattalin arzikin ƙasar ya yi shekaru yana ɗingishi. A 2019 Amurka ta ƙaƙaba wa Huawei takunkumi, sa hannu guda ya raba sababbin wayoyinsa da manhajojin Google. China ke nan, balle mu da ko batirin waya sai an yi mana odarsa.

Makullin ba a hannunmu yake ba, kuma mun gani da idonmu. A watan Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, tura kuɗi ta banki ya gagara. A Oktoban shekarar Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu. A 2021 gwamnatinmu da kanta ta rufe Twitter wata bakwai, masu talla a can suka yi zugum.

Za a ce ina ƙyamar ci gaba. Wannan ba hujja ba ce, domin ƙannena ma koyon kwamfuta suke yi, kuma ni na ƙarfafa musu gwiwa. Sai dai kamfanin manhaja mutum nawa yake ɗauka, alhali masaƙa guda tana ciyar da unguwa? Jarin na waje ne, ofisoshin suna Legas, matasan Fagge da Kurna kuma suna zaune a bakin titi, 'yan siyasa na jiran lokacin zaɓe su ɗebe su.

Duk kakar tumatir, manoman Kadawa suna kallon kwandunansu na ruɓewa a Kwanar Gafan saboda ƙarancin wurin sarrafawa, kuma ban ji ko mutum ɗaya ya ambace su a taron nan ba.